Ruwa ya sauka, amma saura kaɗan bashin gidana ya ƙaru

Shekara bakwai ina biyan bashin sayen gida kafin kuɗin ruwa ya sauka a kasuwa, bankuna suka shiga aiko da saƙonni wai in zo su rage mini nauyi. Abin da suke nufi shi ne a ci sabon bashi mai ƙarancin ruwa a biya tsohon da shi, gidan ya ci gaba da zama a jingine. Na je, na kuma sauya ɗin, sai dai ba irin sauyin da aka fara tallata mini ba.

Don lissafi ya zo da sauƙi zan mayar da bashina 100,000, kowa ya sa sunan kuɗin da yake ciniki da shi. Na ci shi a kan ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara, za a biya cikin shekara 30, kusan 600 duk wata. A watan farko, 500 daga cikin wannan 600 ɗin ruwa ne zalla, 100 kacal ke taɓa uwar kuɗi. Ba cuta ba ce, haka tsarin yake: ana lissafa ruwa a kan abin da ya rage a wuyanka, a farko kuwa duk bashin yana nan. Shi ya sa bayan shekara bakwai na zuba sama da 50,000, amma da na karɓi takardar ragowar bashi sai na ga kusan 89,600. Wato abin da ya fita daga uwar kuɗi bai wuce 10,000 da ɗan ɗoriya ba.

Ma'aikacin bankin da na fara zama da shi mutum ne mai fara'a. Ya juyo mini da kwamfutarsa ya ce, “Yallaɓai, kashi 5 za mu ba ka. Ka ga 481 ke nan a wata maimakon 600.” Na ce, “Madalla. To a shekara nawa?” Ya ce, “Talatin mana, kamar yadda aka saba.” A nan gizo ke saƙar. Ni shekara 23 ta rage mini a tsohon bashi, idan na ci gaba da shi abin da zan ƙara biya kusan 165,500 ne. Sabon kuwa, 481 sau wata 360 ya haura 173,000. Ruwa ya ragu da kashi ɗaya cif, biyan wata ya yi sauƙi, amma jimilla ta ƙaru da kusan 8,000, tun ba a sa kuɗin takardu ba. An mayar da ni farkon layi ne, inda ruwa ke cinye mafi yawan abin da nake biya. Bai yi mini ƙarya ba, amsar abin da aka tambaye shi yake bayarwa, kuma yawancin masu zama a kujerar nan biyan wata kawai suke tambaya.

Na roƙe shi ya buga mini lissafin shekara 23 da na shekara 20. Na 23 ya ba da 547 a wata, jimilla kusan 151,000. Na 20 ya ba da 592, jimilla kusan 142,000. Wannan na ƙarshen na ɗauka: aljihuna ya riga ya saba da 600, ba abin da zai canza a cefanen gida, ga shi zan gama shekara uku kafin lokaci, in tsira da sama da 23,000.

Sai maganar kuɗaɗen da ake biya kafin a sa hannu, waɗanda ba su cika fitowa a talla ba. Akwai na buɗe fayil, na mai zuwa ya ƙiyasta darajar gida, na lauya, na binciken takardun mallaka, na rajistar sabuwar jingina. Nawa sun tashi kusan kashi 3 cikin 100 na bashin, 2,700 ke nan. Lissafin da ya fi amfani a nan shi ne a raba wannan kuɗi da abin da za a rage a wata. Da na zaɓi shekara 23, ragin 52 ne a wata, sai na shafe sama da shekara huɗu kafin in mayar da abin da na kashe. Mai niyyar sayar da gidan ko ƙaura kafin nan, asara zai tafka. Wani bankin ya ce mini shi ba ya karɓar ko sisi na takardu. Da na duba, ruwansa ya ɗara na sauran, kuɗin yana nan an rarraba shi ne a cikin shekaru. Wasu kuma su ɗora shi a kan uwar kuɗi, ka riƙa biyan ruwa a kan ladan lauya har shekara ashirin. A Amurka da Birtaniya doka ta tilasta wa masu ba da bashi su nuna adadin da ake kira APR, wanda ya haɗa ruwa da yawancin waɗannan kuɗaɗe. Inda duk ake bayar da irinsa, shi ya kamata a gwama tsakanin bankuna.

Tsohuwar yarjejeniya ma sai an koma mata, domin wasu na ɗauke da tara ga wanda ya biya kafin wa'adi. Tawa wa'adin tarar ya riga ya wuce. Abin dariya, ranar da na nemi takardar ragowar bashi tsohon bankina ya tuna yana iya rage mini ruwa. Tayinsu bai kai na sabon ba, amma ko ba komai ya nuna cewa tambaya kyauta ce.

An kuma yi mini tayin ruwa mai hawa da sauka, wanda ya fi araha a farko. Na ƙi, saboda abin da duniya ta gani tsakanin 2021 da 2023. A Amurka matsakaicin ruwan bashin gida na shekara 30, a ƙididdigar Freddie Mac, wani babban kamfanin harkar bashin gidaje na ƙasar, ya sauka zuwa kashi 2.65 a Janairun 2021, zuwa Oktoban 2023 ya kai 7.79. Wanda ya ɗaure ruwan bashinsa a 2021, wato aka tsayar masa da adadin da ba ya canzawa, yana barci har da minshari. A Birtaniya kuwa, inda aka fi ɗaure ruwa na shekara biyu ko biyar kawai, Babban Bankin Ingila ya ɗaga nasa daga 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a Agustan 2023, waɗanda wa'adinsu ya ƙare a tsakanin nan suka ji a jikinsu. Mai albashi tsayayye irina ba shi da ƙarfin wannan caca.

Masu guje wa ruwa suna bin murabaha (banki ya sayi gidan ya sayar maka da riba) ko musharaka (ku haɗa hannun jari a gidan kai da banki) a bankunan Musulunci su ma tambayoyin ba su sake zani ba: nawa ne jimilla, shekara nawa, me za a rage mini in na biya da wuri, kuma a rubuce yake?

Ban ce shekara 30 ba ta da ranarta ba. Wanda samunsa ya ragu, 481 ɗin nan na iya zama abin da zai hana a karɓe masa gida, kuma wannan ya fi ƙarfin kowane lissafi. Sai dai ya tabbatar yarjejeniyar ta ba shi damar ƙara biya ba tare da tara ba, kuma duk ƙarin da ya yi a rubuta cewa daga uwar kuɗi za a cire shi, don wasu bankunan ajiye shi suke yi a matsayin biyan wata mai zuwa.