Jakar kilo 9 a saman jeri

Yau bayan la'asar ina shagon Kawu a Shara Mansur, nan Makka, na buɗe masa jerin kayan alhazai da na tsara da Python, wato yaren rubuta shirin kwamfuta. Kowane layi ƙaramin jeri ne a cikin babba: sunan mai kaya, garinsu, sai nauyin jaka. Na ce kwamfuta ta fara da mafi nauyi. Kawu ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a allo ya ce, "Ɗana, yaushe kilo 9 ya fi kilo 100?" Na duba, wallahi haka ne: 9 a sama, sai 32, sai 23, ga 100 can ƙasa. Gabana ya faɗi, domin da wannan takarda za a loda mota gobe da asuba.

Ashe nauyin da na karanto daga fayil ɗin CSV, wato fayil ɗin teburin bayanai, duk rubutu ne, ba lamba ba. Python tana kwatanta rubutu harafi bayan harafi, kuma "9" lambarsa 57 ce a ASCII, tsarin da ke ba kowane harafi lamba, "1" kuwa 49, don haka tun daga harafin farko ta yanke hukunci. Na sa key ɗin sorted, wato ma'aunin da umarnin jerawa yake bi, ya mayar da gurbi na uku, na nauyi, float, wato lamba mai ɗigo, saboda akwai jakar kilo 23.5, nan take jerin ya miƙe. Har yanzu yatsan Kawu nake tunawa. Bai taɓa rubuta layin shiri ko ɗaya ba, amma shekarun da ya yi yana ɗora jaka a sikeli su suka ga abin da idona ya tsallake.