Wajen dukawan Maraɗi

Daga Katsina muka bi ta Jibiya, muka tsallaka iyaka a Ɗan Isa, kafin azahar mun shiga Maraɗi. Bakatsine ba baƙo ba ne a nan, don sarautar garin ma Sarkin Katsina ake ce mata, tun da Ɗan Kasawa ya kafa ta bayan jihadi. Na ɗan tsaya ƙofar fada, sannan ɗan kabu-kabu ya kai ni wajen dukawa.

Can na yini. Wani dattijo na zaune da basilla, yana ɗinka alabe da fatar jar akuyar Maraɗi, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi. Na ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya amsa bai ɗago ba. Siraran zaren fata yake sakawa, kore cikin ja, babu zanen da yake kallo, duk a ka yake. Irin wannan fata ce ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce.

Ina kallonsa ina tuna gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959. Abin da ya fi burge ni can, fiye da ƙasusuwan dabbobin zamanin da, da itacen Tenere da ya taɓa tsayawa shi kaɗai cikin hamada, shi ne an ba maƙera da masaƙa da dukawa rumfuna suna aiki a idon jama'a. Wannan dabara ta dace da mu.

Ba na ƙin a kawo zanen Faransa ko na Sin yaranmu su gani, ilimi ne. Amma tsofaffin kayan yumɓu da aka tono a Bura, a yammacin Nijar, sai da aka nuna su a Faris a 1993 duniya ta san darajarsu, daga nan kuma masu haƙar sata suka far wa wuraren. Abin yana ci mini rai: sai baƙo ya yaba namu mu waiwaye shi. Sirdi da kube da zabira na ƙasar Hausa suna cikin gilashi a Turai, akasari ba sunan wanda ya yi.

Da za a ba ni ɗaki guda na nuna kayan tarihi a Maraɗi, aikin dattijon nan zan fara ratayewa, da sunansa da na wanda ya koya masa. Na sayi alabe biyu, ban yi ciniki ba, na wuce tashar Madarumfa.