Tambayar da ta sa na maimaita kwas

Jiya na gama cike takardun barin sashen bayokemistiri, amma abin da ya same ni a aji biyu har yau bai bar raina ba.

Ranar gabatar da aiki ce. Na zana zoben sukarin gulukos a allo da kabon ɗinsa shida, ban yi kuskure ko ɗaya ba, don na haddace shi tsaf. Sai malamin ya ce: "Ke, tuwon dawa gulukos ne, karan dawa ma gulukos ne. Me ya hana ki cin kara?" Bakina ya mutu. A gaban ajin nan kaf ya ce irinmu gara mu koma gida a yi mana aure. Sifili ya ba ni, kuma makin nan ne ya kayar da ni.

Ashe amsar tana cikin zanen da nake ta haddacewa. Sitacin da ke cikin tuwo da selulos ɗin da ke cikin kara duka sarƙar gulukos ne, kabon na 1 na kowane zobe yana haɗe da kabon na 4 na mai bi masa. A sitaci mahaɗin alfa ne, sarƙar tana murɗewa, sinadarin narkar da abinci mai suna amiles na yawu da na hanji yana datse ta cikin sauƙi. A selulos kuwa beta ne: sarƙoƙin sun miƙe sambal, sun manne da juna kamar tufkar igiya, jikinmu ba shi da abin tsinka su. Saniyar ma ba da kanta take narkar da kara ba, ƙananan halittun da ke tumbinta ne suke yi mata aikin. Daren da na gane wannan sai da na yi hawaye, domin tun ina yarinya nake zuba wa shanun gidanmu kara.

Daga nan na daina karɓar zane sai na san aikinsa a jiki. Gilaikojin, wato gulukos ɗin da hanta ke ajiyewa, wajen giram 100, shi ke riƙe sukarin jinin mai azumi kafin a sha ruwa. Bambancin rukunin jini A da B ma ɗan sukari ne guda a bayan jan ƙwayar jini.

'Yan aji biyu, ku yi tambaya ko za a yi muku dariya. Wanda ke koyarwa kuma ya sani, tambayarsa tana da kyau, cin mutuncin ne ba shi da dalili.

Na maimaita kwas ɗin na ci A. Jiya mun haɗu da malamin a baranda, na rusuna na gaishe shi. Bai ma gane ni ba.