Wayata ta san inda nake, amma ba ta san mayo ya kawo ruwa ba

Abin ya faru ne a watan Agusta da ya wuce, ranar da muka tashi daga Garwa a arewacin Kamaru za mu je suna a wani ƙauye can bayan Gidar, ni ke tuƙi, Kawu na zaune a gaba, mata biyu da yara a baya da kwanukan cincin da turmin atamfa. Shi Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ya fi shekara talatin yana jan kamyo tsakanin Ngaundare da Kuseri har ya ƙetare gadar Ngeli ya shiga Njamena, yanzu ido ya yi rauni ya ajiye sitiyari, amma fa bakin nan bai yi ritaya ba.

Mun wuce Pitowa lafiya lau, kwalta ce ba wani abu. Can gaba sai wayar da na maƙala a jikin gilashi ta nuna min wata hanya a hagu, wai za ta rage mana minti ashirin da wani abu, matar nan ta ciki tana ta faɗi da Faransanci a juya a juya. Kawu ya leƙa ya ce kai yaro ina za ka kai mu? Na ce Kawu ai yanke ne, ga shi nan ta nuna. Ya ce ita wannan matar ta taɓa zuwa nan da damina? Na yi dariya na karya kan mota. Bai ƙara cewa uffan ba, ya ciro goronsa ya ɓantara.

Hanyar auduga ce, irin wadda manyan motoci ke bi da rani su kwaso kaya daga ƙauyuka, da farko jar ƙasa mai kyau har ina jin kaina, daga baya ta koma baƙar laka mai kama taya, mun yi wajen kilomita goma sha biyu a haka sai ga mayo, wato rafi, a gabanmu cike taf, ruwa ja wur yana gudu da itace da kumfa. A waya kuwa layin shuɗi ya miƙe abinsa ya haye kamar akwai gada. Babu gada, babu ko radiye, daɓen simintin nan da ake yi a mashigi, yashi ne kawai da ake bi ta kai in ruwa ya janye. Kuma abin mamaki ranar ko ɗigon ruwa bai sauka a kanmu ba, rana tsaka.

Kawu ya sauko a hankali ya tsaya bakin ruwan ya kalli arewa wajen duwatsun Mandara inda hadari ya yi baƙi, ya ce ruwan can ne ya iso nan, a dutse aka yi shi da asuba. Ya tsinke wani kara ya soka a gaɓa daidai inda ruwan ya tsaya, ya ce mu sha shayi mu gani. Bayan kamar rabin awa ruwan ya haura karan da kusan faɗin yatsa biyu, ya ce to ƙaruwa yake, juya. Wani yaro mai kiwo da ya zo wucewa Kawu ya yi masa magana da Fulatanci, yaron ya ce tun shekaran jiya ko moto ba ta haye nan ba. Minti ashirin ɗin da za mu rage sai da ya ci mana awa biyu da rabi da litar esans ban san adadi ba, muka isa an riga an raɗa suna an watse, sai tuwo muka tarar.

To ni dai ban zo zagin na'ura ba, don wlh abin al'ajabi ce in ka san yadda take aiki. Ita GPS ɗin nan da ke nuna wa waya inda kake, ta sojan Amurka ce asali, sun harba tauraron ɗan Adam ɗinta na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995, taurari aƙalla 24 ke yawo a sama nisan kilomita kusan 20,200, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a yini yana aiko da lokaci da inda yake. Wayarka saurare kawai take yi, in ta ji guda huɗu sai ta lissafa tsawon lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta gane inda kake tsaye. Da can da gangan ake ɓata wa farar hula lissafin, har sai a watan Mayu na 2000 lokacin Bill Clinton aka daina. Yanzu ma ba Amurka kaɗai ba ce, Rasha na da GLONASS, Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, wayoyin yanzu da yawa suna jin su duka.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba, har da ni kafin wani abokina mai gyaran waya ya wayar min da kai, shi ne abu biyu ne daban. Ɗigon nan da ke nuna kai, daga tauraro yake, ba ya buƙatar rezo ba ya cin kiredi, ko a tsakiyar dajin Waza zai same ka. Amma hanyoyin da aka zana a ƙarƙashin ɗigon, wannan aikin mutum ne, wani ne ya zauna ya kalli hoton sama ya ja layi, kuma hoton nan galibi na ranar da sama ta yi garau ne babu gajimare, ka ga kenan an fi samun na rani, lokacin da mayo yashi ne zalla ga sawun taya a kai. Ranar nan tauraro bai yi min ƙarya ba ko kaɗan, daidai bakin ruwan ya nuna ni. Wanda ya ja layin ne bai taɓa ganin Agustanmu ba.

Da muka dawo gida Kawu ya sa aka ɗauko masa wata tsohuwar jaka, ya zaro taswirarsa ta Michelin mai lamba 953, ta Afirka ta arewa da yamma, wadda yanzu ake bugawa da lamba 741. Duk ta yayyage a wajen ninki an bi ta da salatif, ga tabon baƙin mai ga na shayi. Santimita ɗaya a kanta kilomita 40 ne a ƙasa, Garwa zuwa Marwa da muke cewa tafiyar kilomita ɗari biyu da ɗoriya ce ko tsawon ɗan yatsa bai cika ba, ƙauyen da muka je kam ko alamarsa babu. Amma ya nuna min a gefe inda aka yi bayanin alamomi, akwai irin layin da ke nufin wannan hanya ba ta biyuwa in an yi ruwa, akwai alamar inda ake samun ruwan sha. Ka ji fa, takarda ta san da damina. Sannan ga nasa rubutun da biro, da ajami, nan akwai bakanike, nan kar ka kwana, nan gangaren Mbe ne sa giya ta biyu tun daga sama kar ka dogara da birki.

Kuma da ka shimfiɗa ta a tabarma sai ka ga ƙasar gaba ɗaya, ka ga yadda Kamaru ta tsuke can sama tsakanin Najeriya da Chadi kamar wuyan gora, ka gane dalilin da ya sa kayan Njamena da yawa ke bi ta Kuseri. A waya ba ka ganin haka, taku ɗari biyu na gabanka kawai take ba ka, kana bi kamar makaho da ɗan jagora, in batir ya mutu ba ka san gabas ba balle yamma. Ni kaina na lura unguwannin Yawunde da na shiga da waya sau biyar har yau ba zan iya komawa ni kaɗai ba, amma lungunan Marwa da na koya da ƙafa da tambaya ina yaro ko cikin dare ka tashe ni zan kai ka.

Sai kuma matsalar suna. Mu nan wa ke kwatance da sunan titi? Cewa ake ka wuce karfur, ka bar masallacin Juma'a a damanka, wajen mai soya na biyu ka tambayi gidan Alhaji wane. Rubuta wannan a waya ka gani. Sunan ƙauye ɗaya ma sai ka same shi da rubutu uku, na Bafaranshe daban, yadda Fulani ke faɗi daban, namu daban, ga Wuro kaza da Jawro kaza sun fi a ƙirga, in ba ka yi hankali ba ta kai ka wani mai irin sunan a wata jiha. An ce a OpenStreetMap, wata taswira ta intanet, kowa na iya shiga ya gyara ya ƙara abin da ya sani, tun 2004 ake yinta haka da hannun 'yan sa kai, na yi rajista na sa alamar cewa wancan wurin mashigi ne ba gada ba, ko Allah zai sa wani ya tsira da esans ɗinsa.

Har yanzu ina amfani da ita fa, kar a ce na tuba. In na sauka Duwala ko Yawunde ita ce uwa ita ce uba, kuma kafin in bar gida nakan sauke taswirar yankin a waya saboda inda babu rezo. Sai dai in zan bar kwalta tsakanin Yuni da Oktoba, sai na tsaya a tasha na tambayi 'yan moto ko direban da ya fito daga can yau, ba jiya ba.

Daren nan bayan ya gama min dariya Kawu ya ce to nuna min gidana a cikin abin naka. Na juya ta zuwa hoton sama na matso da shi, ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, ya gane rufin kwanon, ya gane zauren, sai ya ɗora yatsa a kan wani baƙin dunƙule a tsakar gida ya ce wannan ai darbejiyar da iska ta kayar bara waccan ce, ashe a wajensu tana nan tsaye. Ya ce in bar masa wayar tukuna kar in kashe.