Aikinmu na awon itatuwa a ƙasar Damagaram

Shekara goma sha huɗu ke nan da na buɗe ɗan ofishina a Damagaram, amma har yau idan na ce wa mutum sana'ata awon itatuwa ce, sai ya ɗauka itacen girki nake sayarwa. Aikinmu shi ne mu shiga gona ko daji mu ƙirga itatuwa, mu auna kaurinsu da tsayinsu da faɗin inuwarsu, sannan mu fitar da lissafin itacen da ke tsaye, da abin da zai ƙaru nan da wasu shekaru, da abin da za a iya sara ba tare da an kashe dajin ba.

A dajin Takeita na koyi aikin, a hannun wani tsohon ma'aikacin gandun daji, Allah ya jiƙansa. Ranar farko sanda ya sa na yanko, muka auna ta mita 1 da santimita 30, ya ce a wannan tsayin ake auna kaurin itace a yawancin ƙasashen duniya. Na zagaya wani gawo da igiyar awo, na faɗi lambar da sauri, sai ya ce: "Ɗana, zagaya ka duba bayansa." Ashe igiyar ta zame ta karkace, ta kuma hau kan wani kumburi na ɓawon. A ƙasa ya zana mini lissafin da yatsa: kewaye ake rabawa da 3,14 a samu kauri, kuma tunda yawan itace yana bin kauri sau kansa, kuskuren kashi 10 cikin ɗari a igiya yakan zama fiye da kashi 20 a sakamako. Har gobe duk yaron da na ɗauka aiki, da sanda yake farawa.

A gonakin Magarya da Matameye da Mirriya, inda sassaben zamani, wato barin tsiron itace a gona ana kula da shi har ya girma, ya mayar da gawo da yawa, muna yanka fili mai mita 50 tsawo da 50 faɗi, wato rubu'in hekta, mu ɗauki wurin da GPS, mu auna duk abin da ke ciki. Gawo da kuka masu gindi guda ne, amma sabara da kalgo da geza sukan fito da ƙafafu da yawa daga tushe ɗaya, don haka sai mutum ya durƙusa cikin zafin rairayi ya auna kowace ƙafa kusa da ƙasa. Tsayi kuwa da na'urar Suunto muke ɗauka. Kafin duk wannan sai mun gaida mai gari da mai gona, domin dattawa ba su manta da zamanin da ma'aikatan gandun daji ke cin mutane tara a kan sarar itace ba. Wani tsoho ya taɓa tare ni da hauya a kafaɗa ganin muna shafa fenti, sai da na rusuna na ce: "Baba, ba tara muka zo ci ba, dukiyarka muka zo ƙirga maka." Daga baya shi ne ya riƙa faɗa mana shekarar da ya bar kowane tsiro, bayanin da babu na'urar da za ta ba mu shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu karɓar aiki da araha, su kwana biyu a inuwa, su cika takarda da lambobi, su ɗora musu lissafin da aka ɗauko daga intanet. Lissafin kansa ba shi da laifi. Rumbun lissafin itatuwa na intanet mai suna GlobAllomeTree, wanda hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta buɗe tare da abokan aikinta a 2013 yana da amfani ƙwarai, mu ma muna duba shi. Sai dai gawon da makiyaya suke sassare wa rassa kowace rani bai yi kama da itacen kurmi ba, kuma wanda bai tsaya a ƙarƙashinsa ba zai rubuta masa nauyin rassan da awaki suka riga suka cinye ganyensu. Haka ma hoton tauraron ɗan'adam: a 2020 masana sun ƙirga itatuwa fiye da biliyan ɗaya da miliyan ɗari takwas a Sahara da Sahel na Afirka ta Yamma, aiki ne babba, amma hoton inuwa yake gani, ba gindi ba, kuma gawo da damina yake zubar da ganye.

Dukiyar ofishina ita ce filayen da muke komawa. Kowane itace da lambarsa da zoben jan fenti a inda igiya ta hau, domin bayan shekara biyu a sake aunawa a wuri guda. Daga bambancin ne muke gina lissafin girma a kwamfuta, tare da la'akari da irin ƙasa da ruwan shekara da yawan sara, har mu iya gaya wa ƙungiyar masu itace ko magajin gari abin da fili zai bayar. Wannan ba ya samuwa da gaggawa, shi ya sa wanda ya zo yana son a gama masa cikin mako guda nakan ba shi haƙuri. Da zarar an kwashe hatsi, gawo ya fara sabon ganye, za mu koma filayenmu na Matameye domin awo na bakwai.