Allah Ya jiƙan Saje

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Maƙwabcinmu a nan Gusau, sajen 'yan sanda, ya rasu. Rigima ce ta tashi tsakanin matasa, aka tura su kwantar da tarzoma, wani ya jefo dutse daga cikin taro ya same shi a ƙeya. Da ƙafarsa ya dawo gida, yana cewa jiri ne kawai. Ashe jini ke taruwa a cikin kai. Cikin dare ya fara amai, kafin a kai shi asibiti ya daina gane mutane.

Don Allah, duk wanda aka buga a ka, ko babu rauni a waje, a kai shi ga likita nan take.

Na san mutane da yawa na da ƙorafi kan 'yan sanda, wasu da gaskiyarsu. Amma mutumin nan shi ke ɗora yaran layinmu a babur ya kai su Islamiyya. A wurin zaman makoki ƙaramar 'yarsa ta fito rungume da hularsa, ta ƙi ba kowa. Wallahi na kasa haɗiye ruwa.

Dokar fansho ta 2014 ta tanadi inshorar rai ga ma'aikaci, aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara. Haƙƙin marayun nan ne. Wanda ya san hanyar takardun nan ya yi mini magana, matarsa tana takaba, ba za ta iya zirga-zirga ba.

Allah Ya gafarta maka, Saje.