Darussa daga adana takardun masu girafiti na New York

Wanda ya daɗe yana aiki da takardun masu girafiti na New York, wato masu fesa zane da rubutu a bango da jirage, abu na farko da zai gane shi ne dalilin tsadarsu: ainihin aikin ya ɓace. Zanen da matasa suka riƙa fesa wa taragon jiragen ƙarƙashin ƙasa tun farkon shekarun 1970, hukumar sufuri ta wanke shi da sinadari, kuma a watan Mayu na 1989 ta janye jirgi na ƙarshe mai zane daga kan layi. Sai hotuna suka rage, sai kuma abin da yaran ke kira baƙin littafi, wato littafin zane mai taurin bango inda suke tsara haruffa da launuka kafin su sulale wurin ajiye jirage da dare. A kansa masu tara kayan zane ke rububi yau.

Littafin ba na mutum ɗaya ba ne. A bencin tashar 149th Street da ke Bronx ake zama ana kallon jirage suna wucewa, littafi yana yawo hannu zuwa hannu, wannan ya sa sunansa, wancan ya cika shafi guda. Shi ya sa babu ɓarnar da ta kai dillali ya yage shafuka ya sayar ɗai-ɗai. Kuɗin zai fi yawa, gaskiya ne, amma ya zubar da shaida. Tawadar alƙalamin maka (marker) tana ratsa takarda ta bar tabo a shafin da ke ƙasa, kuma wannan tabon da jerin sunayen da ke gaba da baya su ke nuna inda shafin ya fito da zamanin da aka yi shi. Mai zane Martin Wong ya fahimci haka: littattafai 55 ya ba Gidan Tarihin Birnin New York a 1994, a dunƙulensu.

Sai batun haske, inda aka fi tafka asara. Tawadar makar wancan lokaci rini ce da aka narkar, ba ta jure haske, launuka masu ƙyalli kuma su ke fara mutuwa. Abin da ya koɗe ba ya dawowa. Kada hasken ya wuce lux 50 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), kada a baje takarda fiye da wata uku, sannan a mayar da ita akwati cikin duhu. Gilashin da ke tare hasken UV, wato ɓangaren hasken da ido ba ya gani mai koɗar da launi, yana rage lahani ne kawai. Danshin ɗaki ya tsaya wajen kashi 50 cikin 100. Idan ya zarce 65, funfuna za ta kama. Salatif kuwa kada ya kusanci takarda, don gam ɗinsa yana shiga jikinta ya bar tabo ruwan ƙasa. Da siririyar takardar Japan da sitacin alkama ake liƙa zane a firam, saboda ana iya cirewa da ɗan danshi.

Zanen alli da mai zane Keith Haring ya yi a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa tsakanin 1980 da 1985, a kan baƙar takardar da ake rufe allon talla da ita idan ba talla, nasa sha'anin daban ne. Allin zaune kawai yake a saman takarda, don haka ba a rufe shi da roba mai kama da gilashi: tana jan garin allin kamar maganaɗisu. Gilashi ake sawa, a bar tazara tsakaninsa da zanen.

Yawancin zane-zanen allin kuma babu sa hannu a kansu, alli da baƙar takarda ba sa wuyar samu, jabu ya yi yawa. Gidauniyar Haring ta daina tantance ayyukansa tun 2012. Mai saye ya nemi tsohon rasit, da sunayen waɗanda zanen ya bi ta hannunsu, da hoton zanen yana manne a tasha, irin waɗanda mai ɗaukar hoto Tseng Kwong Chi ya ɗauka. Ya kuma sa a cire firam ya duba bayan takardar, ko akwai ragowar gam da ɓarɓashin tsohuwar talla.